Zaren da Ke Auna Numfashin Mota: Yadda Ake Gane Ma'aunin Iska Ya Fara Lalacewa

Adabka gari ne a Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, yankin da ya haɗa da Anka da Gummi. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma mota ce ke fitar musu da gero da dawa da wake zuwa kasuwa, ita ce kuma ke kai marar lafiya babban asibiti idan ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauye. Da yawa daga cikin hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka da babban titi ba su da kwalta. Saboda haka daga lokacin da ruwa ya ɗauke har zuwa faɗuwar damina, motar da ke zirga-zirga a wannan yanki ba ta rabuwa da ƙura.

Akwai wasu koke-koke da kanikawan irin waɗannan garuruwa suka saba ji daga bakin direbobi. Wani ya ce motarsa ta koma shan mai fiye da ƙima. Wani ya ce in ya taka totur sai ta cije, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta fizga. Wani kuma ya ce da ya tsaya ɗaukar fasinja sai injin ya kama karkarwa ya mutu. Sau da yawa akan canza fulogi, a canza famfon mai, a wanke nozul, kuɗi su ƙare, ciwon yana nan. A cikin abubuwan da kan haddasa waɗannan matsaloli akwai wata 'yar na'ura da girmanta bai wuce akwatin ashana biyu ba, wadda ke zaune a kan bututun iska, tsakanin akwatin matatar iska da injin. Kanikawa suna kiranta iyafulo. Aikinta shi ne auna nauyin iskar da injin yake zuƙa, don haka a nan za a kira ta ma'aunin iska.

Injin ma numfashi yake yi

Fetur ba ya cin wuta shi kaɗai. Sai ya gauraya da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da duniya. Masana ilimin sinadarai sun lissafa cewa kafin giram 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Litar fetur ɗaya nauyinta ya kai wajen giram 740, wato tana bukatar kusan kilogiram 11 na iska. In aka auna wannan iska da mazubi, za ta kai lita 9,000, daidai da cikin duro 45 na mai lita 200. Ashe motar da aka zuba wa galan guda ta fi shan iska nesa ba kusa ba a kan man da ta sha.

Idan man ya yi yawa a gaurayen, sauransa ba ya ƙonewa, sai ya fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi da guba. Idan kuma iskar ce ta yi yawa, wutar ba ta kamawa sosai, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru a cikin silinda.

A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar Peugeot a shekarar 1975, kafireto ne ke wannan gauraye a mafi yawan motoci. Iska na wucewa ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, ta janyo mai da kanta, bakanike kuma ya daidaita silo da sukudireba yana sauraren ƙarar injin da kunnensa. Motocin da suka maye gurbinta, waɗanda akasari ake shigo da su na hannu daga Turai da Amurka, har ake ce musu 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, ba su da kafireto. Nozul ne ke fesa mai, kuma wata 'yar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke yanke shawarar tsawon lokacin da kowane nozul zai buɗe. Lokacin kuwa bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ɗaya ba. Kwamfutar ba ta gani, ba ta ji. Abin da na'urorin awo suka gaya mata, da shi take aiki, kuma labarin yawan iska shi ne kan gaba.

Dalilin da ya sa nauyin iskar ake aunawa, maimakon yawan wurin da ta cika, shi ne iska tana buɗewa in ta ji zafi. A ɗauki asubahin hunturu a Bukkuyum, lokacin da ma'aunin zafi ke nuna digiri 15, a kwatanta da azahar ɗin watan Afrilu mai digiri 40. Lita guda ta iskar azahar ta gaza ta asuba nauyi da kusan kashi 8 cikin ɗari, oksijin ɗin da ke cikinta ma ya ragu da gwargwadon haka. Na'urar da lita kawai take ƙirgawa za ta bukaci gyaran lissafi. Wadda ke auna nauyi kai tsaye ta huta da wannan.

Yadda zare mai zafi yake awo

Duk wanda ya taɓa hura kunu mai zafi a ludayi ya san tushen aikin wannan na'ura. Iska mai motsi tana kwashe zafi, kuma gwargwadon yawanta gwargwadon zafin da take kwashewa. A shekarar 1914 wani masanin kimiyyar lissafi da fiziya na Jami'ar McGill a ƙasar Kanada, Louis Vessot King, ya wallafa binciken da ya nuna dangantakar da ke tsakanin gudun iska da zafin da siririyar waya ke rasawa. Har yau da sunansa ake kiran wannan ƙa'ida.

Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fara da wata dabara dabam a farkon shekarun 1970, a tsarin da ya kira L-Jetronic. Wani ɗan marfi ne a cikin bututu, iska ta tura shi, kwamfuta ta karanta iyakar buɗewarsa. Marfin yana tare hanyar iska, kuma gaɓoɓinsa suna cinyewa. A farkon shekarun 1980 kamfanin ya fito da LH-Jetronic, inda aka maye gurbin marfin da zaren ƙarfen filatinam mai kaurin kashi 7 cikin ɗari na milimita, kwatankwacin silin gashin mutum. Lantarki yana bi ta cikin zaren ya ɗumama shi, har zafinsa ya ɗara na iskar da ke shigowa da wani adadi tsayayye, kamar digiri 100 a wasu samfura, a wasu kuma fiye da haka. Kusa da shi akwai wani ɗan ma'auni da ke faɗin zafin iskar ita kanta.

Da direba ya taka totur, iska mai yawa ta ratsa, zaren ya fara hucewa. Ƙarfe kuwa in ya huce, turjiyar da yake yi wa lantarki tana raguwa. Wani da'irar lantarki irin wanda ɗaliban fiziya suka sani da gadar Wheatstone yana lura da wannan canji nan take, sai ya ƙara wutar da ke bi ta zaren har zafinsa ya koma inda yake. Yawan wutar da aka ƙara shi ne ma'aunin nauyin iskar. Ana juya shi zuwa saƙo, galibi tsakanin bolt 0 da bolt 5, ko kuma bugun lantarki mai saurin da ke canzawa, a aika wa kwamfuta. Duk wannan yana faruwa kafin mutum ya ƙifta ido. A motocin baya-bayan nan an maye gurbin zaren da wani siririn shafe na ƙarfe a kan ɗan faranti, amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai wannan a aji ba tare da mota ba. A sami tsohon ƙwan lantarki mai zare, a naɗe shi da tsumma a fasa gilashin a hankali yadda zaren ba zai tsinke ba, a haɗa shi da batirin mota mai bolt 12 da ma'aunin kwararar lantarki. In ɗalibi ya hura zaren, allurar za ta motsa sama, in ya daina ta koma. Kada a kuskura a haɗa wannan zare da wutar gida.

Ya kamata a sani cewa ba kowace mota ce ke da wannan na'ura ba. Fijo 406 mai amfani da fetur da tsofaffin motocin Honda da yawa matsin iskar da ke cikin bututun injin suke aunawa, su lissafo nauyinta daga nan. Amma motocin Toyota irin su Corolla da Camry da Sienna na shekarun 2000, da motocin Volkswagen da Nissan da Mercedes-Benz masu yawa, suna da ita. Wanda ya ɗaga bonet ya bi bututun roba daga akwatin matatar iska, in ya ga wani ɗan baƙin akwati mai soket ɗin wayoyi huɗu ko biyar ko shida a manne da shi, to ita ce.

Abin da ƙura ke yi mata

Ƙurar yammacin Zamfara iri biyu ce. Akwai ta ƙasa, wadda tayoyi ke tayarwa a kan burji, musamman idan mota tana bin bayan wata. Akwai kuma ta sama, wato hazon hunturu da iskar arewa maso gabas ke kawowa daga Nuwamba zuwa Maris. Kaso mai yawa na wannan hazo daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Cadi, inda a dā can ƙasan wani babban tafki ne. Masana suna lissafa wurin a sahun farko na wuraren da ƙura ke tashi a duniya. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, da yawansu ba su kai kashi 1 cikin ɗari na milimita ba. Mutanen Anka da Bukkuyum kuwa ba sa bukatar a gaya musu cewa ƙura ba abin rainawa ba ce, tun bayan abin da ƙurar niƙan duwatsun zinariya mai ɗauke da dalma ta yi wa yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma a shekarar 2010.

Matatar iska, wadda kanikawa ke ce wa iyakilina, takarda ce mai ninki-ninki da aka yi don tare wannan ƙura kafin ta kai ga zaren da injin. Amma a nan ne ake yin sakaci mafi yawa. Matata ta toshe, sai a kai ta wurin mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi, takardar ta yage a wuraren da ido ba ya gani. Wani lokaci a sayo wadda ba girman akwatin ba, gefenta ya bar kafa. Wani lokaci maƙallan murfin akwatin sun karye an ɗaure da waya. Akwai ma direban da ke cire matatar gaba ɗaya, wai don mota ta sami numfashi. Hakika za ta numfasa, amma yashi take shaƙa.

Ƙurar da ta tsallake tana haɗuwa da tururin baƙin mai da ke dawowa daga cikin injin ta wani ɗan bututu, su zama danƙo, su lulluɓe zaren. Tsofaffin na'urorin Bosch suna da dabarar tsabtace kansu: da an kashe mota sai zaren ya yi zafin kusan digiri 1,000 na daƙiƙa ɗaya, ya ƙone dattin. Masu shafe a kan faranti ba su da wannan, sun dogara ne ga matata da kuma lanƙwasar hanyar iska da aka yi musu.

Zaren da ya sa rigar datti ba ya hucewa yadda ya kamata. Iska mai yawa za ta wuce, shi kuwa ya ba da labarin kaɗan ce ta wuce, kwamfuta ta rage mai. Abin mamaki shi ne, a lokacin silo, da iska ke tafiya a hankali, kuskuren yakan juya: dattin ya ƙara wa zaren faɗi, sai ya faɗi fiye da abin da ya shiga, kwamfuta ta ƙara mai. Wannan ne ya sa mota ɗaya take iya nuna alamun yawan mai a tsaye, ta kuma nuna alamun ƙarancinsa a kan gudu, har bakanike ya rasa inda zai kama.

Alamomin

Ciwon ba ya zuwa rana ɗaya, kuma akwai dalili. A cikin salansa akwai wata na'ura ta biyu mai sansanar oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi. In ta ga mai ya yi kaɗan sai ta gaya wa kwamfuta ta ƙara, in ya yi yawa ta rage. Ta haka kwamfuta ke rufa wa ma'aunin iska asiri na tsawon makonni ko watanni. Sai dai akwai lokuta biyu da a motoci da yawa kwamfuta ba ta sauraren na'urar salansa: lokacin da injin bai yi zafi ba, da lokacin da aka taka totur har ƙasa. A waɗannan lokuta ma'aunin iska kaɗai ne abin dogaro, kuma a nan alamun farko suke fitowa.

Saboda haka alamar da ta fi muhimmanci ita ce cijewa a lokacin neman ƙarfi. Mota tana tafiya lafiya a gudu madaidaici, amma da an zo wuce babbar mota, ko hawan tudu da buhunan hatsi, ko fitowa daga yashin rafi, sai a taka ta yi shiru na ɗan lokaci, ko ta riƙa fizga, wani lokaci har a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙara ta fito ne daga gauraye marar isasshen mai da ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma in ta daɗe tana iya ƙona bawul ko ta lalata kan fistin. Haɗarin da ke cikin wannan a bayyane yake: direban da ya fito wuce tirela yana lissafin ƙarfin da motarsa ta saba ba shi, in ƙarfin bai zo ba, ga wata mota ta taho, ba sauran lokacin gyara lissafi.

Ta biyu ita ce rikicewar silo. Allurar juyin injin tana hawa tana sauka ita kaɗai, sitiyari yana karkarwa, in an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko an juya sitiyari a tsaye sai injin ya mutu. Da safe kuma takan yi wuyar tashi, ko ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu ko uku. A garin da ke zaune lafiya wannan ɓacin rai ne kawai. A hanyoyin Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda suka sha fama da 'yan bindiga tun shekarun 2010, motar da ke mutuwa duk lokacin da aka rage gudu a wurin rami abin tsoro ce ga direba da fasinjojinsa.

Sai shan mai da baƙin hayaƙi. In na'urar tana faɗin fiye da gaskiya, ko ta lalace har kwamfuta ta koma aiki da lissafin ko-ta-kwana da aka ajiye mata, man da ake fesawa yakan yi yawa. Bakin salansa ya yi baƙi, hayaƙin ya riƙa warin ɗanyen fetur, in an kwance fulogi a gan shi da busasshen kunkunniya. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da dama a 2024, kowane direban haya ya koma lura da allurar tanki fiye da dā. Asarar ba ta tsaya a aljihu ba. Rarar fetur tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka wanda ke cikin injin. Tana kuma ƙonewa a cikin matatar hayaƙi da ke salansa, wadda kanikawa suka laƙaba wa suna indomi saboda kamannin cikinta, har ta narke ta toshe. Hayaƙin irin wannan mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri.

Motoci masu canza giya da kansu suna da wata alama da ke ɓatar da mutane. Kwamfutar giya tana amfani da awon iska don ta san nauyin aikin da injin yake yi. In awon ya karkace, giya takan shiga da ƙarfi ko ta makara, har a ɗauka akwatin giya ne ya lalace, alhali gyaransa ya ninka kuɗin ma'aunin iska sau da yawa. A motocin dizal kuwa, abin da aka fi gani shi ne mutuwar ƙarfi: mota ta ƙi wuce wani gudu ko an taka iyakar takawa.

Daga ƙarshe akwai fitilar gargaɗi mai siffar inji a gaban direba. Takan kama ne bayan gyaran da kwamfuta ke yi ya wuce iyaka, a motoci da yawa wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Wato kafin ta kama, ciwon ya riga ya yi nisa. Abin takaici, a motocin haya da yawa fitilar ta shekara a kunne saboda wani dalili dabam, ko an liƙe ta da baƙin salatif, don haka sabon gargaɗi ba shi da hanyar isa ga direba.

Awo kafin saye

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ta keɓanta ga ma'aunin iska. Famfon mai da ya gaji, matatar mai da ta toshe, fulogi ko kwayil da ya mutu, gurɓataccen fetur na bakin hanya, da toshewar salansa, duk suna iya kawo irinsu. Wanda ya fi kowa kama da shi kuwa shi ne tsagewar bututun roba da ke tsakanin na'urar da injin. Zafi da girgizar hanya suna tsaga shi a cikin ninkinsa, galibi ta ƙasa inda ba a gani. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kan zaren ba, saboda haka kwamfuta ba ta san da ita ba. Na'urar lafiyarta ƙalau, amma lissafin ya ɓaci.

Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Tarayyar Turai daga 2001, duk suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta kwamfuta. A yau akwai ƙananan irinta masu araha da ke aiki da wayar hannu. Lambobin P0100 zuwa P0104 suna nuni ga ma'aunin iska ko wayoyinsa. P0171 tana nufin mai ya yi kaɗan, P0172 kuma ya yi yawa. Sai dai lamba tana faɗin inda kwamfuta ta ga matsala ne, ba ta ce a sayi sabon abu ba. Soket da ya yi tsatsa ko wayar da ɓera ya ci za su ba da lamba ɗaya da na'urar da ta mutu.

Abin da ya fi lamba amfani shi ne kallon adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa mai yayin da injin ke aiki. A lafiyayyar mota bai cika wuce kashi 10 sama ko ƙasa ba. In ƙarin ya yi yawa a silo, ya ragu da aka ɗaga juyin injin, to a nemi tsaga a bututu, domin 'yar iskar da ke satar shiga tana da tasiri ne a lokacin da iskar gaba ɗaya kaɗan ce. In kuwa a silo daidai yake ko ma ragi ake yi, amma ƙarin ya hau a kan gudu, to zargi ya koma kan zare mai datti ko famfon mai, sai a auna matsin mai a raba gardama.

Ɗalibin sakandare ma zai iya lissafa abin da ya kamata na'urar ta nuna. Injin mota yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Inji mai lita 1.8, irin na Corolla, in yana juyi 6,000 a minti, zai zuƙi lita 1.8 sau 3,000, wato lita 5,400 a minti, ko lita 90 a daƙiƙa. A zafin yankin nan litar iska tana da nauyin kimanin giram 1.15, jimla giram 103 ke nan. Da yake silinda ba ta cika fal, abin da ake sa rai shi ne wajen giram 85 zuwa 95 a daƙiƙa in an taka totur har ƙasa. In na'urar ta tsaya a 60, ko dai ƙarya take yi ko kuma wani abu ya shaƙe injin. A silo kuwa irin wannan inji giram 2 zuwa 3 yake sha a daƙiƙa.

Akwai gwajin da kanikawa suka saba yi inda babu na'urar karatu: a kashe mota, a zare soket ɗin ma'aunin, a sake tayarwa. Kwamfuta za ta koma ƙiyasi daga buɗewar totur da juyin injin. In motar ta fi daɗin tafiya a haka, alama ce mai ƙarfi cewa saƙon da na'urar ke aikawa ba daidai ba ne. Amma tsagaggen bututu ma zai iya ba da wannan sakamako, wasu motocin kuma ba sa tashi sam in an zare. Barin soket ɗin a zare a ci gaba da haya, kamar yadda wasu ke yi, sayen sauƙin yau ne da man gobe da indomin jibi.

Wanki ko canji

Idan datti ne kawai, sau da yawa wanki yana isa. A kashe mota, a zare soket, a kwance sukurori biyun da ke riƙe da na'urar, a fesa wa zaren ruwan wanki na gwangwani da aka yi musamman don wannan aiki, ko wanda ake wanke kayan lantarki da shi wanda ba ya barin maiƙo. A bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Ba a taɓa zaren da yatsa ko tsinke ko auduga ko buroshi, ba a hura masa iskar mai faci, ba a tsoma shi a fetur ko kananzir, ba a kuma fesa masa maganin wanke kafireto, domin yana cin roba da shafen da ke kare kayan lantarkin. A lura da kibiyar da ke jikin wasu samfura, wadda ke nuna inda iska ke fuskanta, don kada a juya ta.

In wanki bai yi ba, sai canji, kuma a nan ma akwai tarko. Na'urori biyu suna iya zama kama ɗaya, soket ɗaya, amma kowace an daidaita ta da faɗin bututun injinta. Lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar ita ce abin nema, ko a Gusau ko Sakkwato, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Ta hannu da aka ciro daga wata mota tana iya zuwa da nata ciwon, jabu kuma tana iya faɗin ƙarya tun ranar farko, don haka ya dace a gwada ta a jikin motar, a duba adadin gyaran mai, kafin a biya. Bayan an ɗaura sai a goge tsofaffin lambobi da tsohon gyaran da kwamfuta ta haddace, in ba haka ba motar za ta yi 'yan kwanaki tana aiki da lissafin na'urar da aka cire.

Littattafan da kamfanoni ke bayarwa tare da mota suna faɗin tazarar canza matatar iska, kuma suna ƙara cewa a gajarta ta ga motar da ke aiki a hanya mai ƙura. Motar da ke bin hanyoyin Adabka da rani tana cikin wannan rukuni. Ya kamata a buɗe akwatin a duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai, a ɗaga matatar a hasken rana a duba ko akwai huda, sannan a shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta. In yatsan ya fito da ƙura, to matatar ko murfinta na yoyo, kuma sabon ma'aunin da aka saya zai bi sawun tsohon kafin damina ta faɗi.